Ciyawar Kabarin Thom

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin inabi ƙauyenmu na bakin kogin Dinh ya san gonar Khiem, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce wadda in ka biyo gefen magudana sai ka ɗauka masu ita sun yi ƙaura. Gonakinmu duk a share suke fes, ƙasa tsirara a ƙarƙashin rumfunan inabi. Tasa kuwa ciyawa har gwiwa, wake yana yaɗo yadda ya ga dama, zogale da tumfafiya sun cika bakin iyaka, ga kuma wani tudu a kusurwar gabas da ya zama ɗan kurmi sosai. Khiem Mai Ciyawa ake ce masa. Ni na raɗa masa sunan, kuma ba don yabo na yi ba.

Sunana Lanh. Magudana ɗaya ce ta raba gonarmu da tasa, shekara arba'in ke nan muna gaisawa ta kanta, muna faɗa ta kanta. Shekarar da aka kawo ni garin ita ce aka kawo matarsa Thom, mu biyu baƙi, don haka muka manne wa juna. Tare muke aikin rage 'ya'ya. A tsaya ƙarƙashin rumfa tun da sassafe, kai a ɗage, almakashi a hannu, ana tsince ƙananan 'ya'ya daga cikin curi don sauran su yi girma. Wuya ya sage, ido ya yi ja, ba abin da ke rage wahalar sai gulma. Ni ce mai kawo gulmar, Thom ce mai dariyar.

A wannan gonar aka haifi Khiem, tun ana noman taba a cikinta. Gajere ne, baƙin rana, maganarsa ba ta wuce a ƙirga. Da inabi ya shigo yankinmu shi ne ya fara kafa rumfa a unguwarmu, kuma abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, a lokacin babu gwanin feshi kamarsa. Wajensa ake zuwa tambayar cokali nawa na wannan ake haɗawa da murfi nawa na wancan. Sau uku yake girbi a shekara. In damina ta kama, bayan kwana uku-uku yake goya tanki. Thom ce mai haɗa maganin, duro a bakin magudana, sanda a hannu, in sandar ta ɓace ta zura hannunta. Kada a ce ita ce marar hankali, dukanmu haka muke yi. Shi kuma ya shiga ƙarƙashin rumfa, ga feshin inabi sama ake yin sa, abin da ka watsa ya dawo maka a fuska.

Wata rana muna tsinta, Thom ta dakata da almakashinta.

"Lanh, yaushe rabonki da jin kukan kwaɗo?"

"Kewarsu kike yi? Ai da kin auri ɗaya."

"Da gaske nake. Farkon zuwanmu, in an yi ruwa ko maganarki ba na ji saboda su. Yanzu shiru. Mazari ma babu."

"To ai kin huta, yanzu kina jin maganata," na ce, muka ci gaba da aiki. Ban sake tuna zancen ba sai bayan shekaru.

Ciwon hanta ne ya kama ta tana da shekara arba'in da bakwai. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, wata biyar ta yi. Likitoci ba su ce maganin feshi ba ne, ni ma ban ce ba, Khiem kuwa bai tambayi kowa ba. Wata la'asar ina ba ta kunun shinkafa, shi yana zaune a bakin ƙofa, ta ture cokalin.

"Baban Vien," ta ce, don da sunan ɗansu ɗaya tilo take kiransa, "ka sa ni a tudun can, ƙarƙashin tsamiya. Kuma kada a fesa min komai a kai. Na shaƙi rabona."

Ya ce to. Ni na ji da kunnena, ba labari aka ba ni ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna yau.

Washegarin ranar da aka binne ta ya rataye tankin feshin a reshen tsamiyar. Mun ɗauka makoki ne, zai wuce. Bai wuce ba. Iskar garinmu ba ta jin magana, in ka fesa a wannan kusurwa sai ta kai waccan, don haka a lissafinsa ba yadda za a yi ya fesa gonar bai fesa wa Thom ba. Shekarar farko ƙwari suka cinye masa toho, ta biyu fumfuna ta gama da 'ya'yan, ta uku abin da ya girbe bai cika kwando goma ba. Vien ya gaji da cin shinkafa da busasshen kifi, ya tafi Saigon ya kama aiki a kamfanin takalma. Mijina Doan ya tsallaka magudana ya yi masa nasiha har sau biyu, ya dawo yana girgiza kai.

Shi kuwa Khiem sai ƙara lalata gonar yake yi, a ganinmu. Ya bar ciyawa. Ya shuka wake da gyaɗa tsakanin layuka. Ya haƙa ɗan kududdufi a gindin tudun, ya je can saman kogi ya ɗebo talibambam a bokiti ya zuba. Ya yayyanka gora gajeru ya ɗaure dami-dami ya rataye wai gidan zanzaro. In ya gama aske rassa sai ya kira wani makiyayi ɗan ƙabilar Cham ya sako masa tumaki su yi kiwo su bar kashi. Girbi ya mayar da shi sau biyu a shekara, wai ita ma kurangar inabin tana bukatar barci. Tudun kuwa ko fartanya bai bari ta hau ba. Darbejiya ta fito, magarya ta fito, ƙaya da yaɗo suka sarƙe.

"Yaya Khiem," na ce masa ta kan magudana, "inabi kake nomawa ko macizai?"

"Duka biyu."

"Nawa ake sayen kilon ƙadangare yanzu?"

"Ba na sayarwa ba ne, ma'aikatana ne. Ke kina biyan masu feshi, ni nawa a bakin abinci suke yi."

"Su kuma rinar da suka harbi Doan jiya fa?"

"Masu gadi ne. Me ya kai shi kusa da magaryata?"

A shekara ta biyar abin ya fara juyawa. Ba zan yi ƙarya in ce gonarsa ta fi tamu amfani ba, ba ta fi ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, wasu da tabo, 'yan sari suna yatsina musu fuska. Amma ta tsaya da ƙafarta. Ya taɓa jawo ni ya ɗaga min ganye ya nuna min wani ɗan jan buzuzu mai ɗigo-ɗigo yana cin farin ƙwaron nan mai kamar auduga wanda ke maƙale wa curi. Ya nuna min gizo-gizo, ya nuna min ƙoƙi-ƙoƙi. Ya ce duk daga tudun suke saukowa da safe. In rani ya ƙone ko'ina, ko in mu maƙwabta mun yi feshi, can suke gudu su ɓuya, in abin ya lafa su dawo. Ya ce ba don tudun ba gonar ba za ta yi wata ɗaya ba. Kurangunmu shekara takwas ko tara suke yi mu tumɓuke, amma layuka huɗun da Thom ta dasa da hannunta suna nan suna haihuwa, kututturensu ya yi kauri kamar hannun ƙato. Doan ma ya lura cewa layukanmu na bakin magudana sun fi sauran lafiya. Na ce masa ya rufe bakinsa, kada Mai Ciyawa ya ji kansa ya kumbura.

Kwaɗin kuwa sun dawo. A duk ƙauyen, in an yi ruwa, wuri ɗaya ne ke kuka.

Da yake 'yan sari ba sa son inabinsa, sai ya koma yin giya da mafi yawansa. Mu in za mu yi, sai mun wanke inabin tas saboda magani, mu zuba yis na kanti da sukari mai yawa. Shi ba ya wankewa. Ya ce farar hodar nan da ke jikin 'ya'yan ita ce ke tayar da tulu, kuma daga gonar take zuwa, ba daga kanti ba. Ya murƙushe da hannu, ya zuba a tulunan ƙasa, ya ɗaure baki da ƙyalle. Bayan kwana biyu ko uku sai ka gan shi durƙushe, kunne a jikin tulu, yana murmushi shi kaɗai. Ya sa na saurara sau ɗaya. Wani ɗan sis-sis ne a ciki, kamar an zuba ruwa a yashi mai zafi. Daga birni ake zuwa saye, amma tulun farko, na layukan Thom, ba na sayarwa ba ne. Ranar tunawa da ita yake buɗe shi, ya kai ƙoƙo ɗaya kan tudu ya zuba mata, sauran mu sha da wainar shinkafa da soyayyen kifi.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce mahaukacin ya yi gaskiya na yi shiru. Amma akwai watan sha biyu. Kafin Tet, babban bikinmu na shekara, kowane gida sai ya share kaburburan nasa, a nome, a ƙone, a shafa farar ƙasa, don matattu ma su shiga sabuwar shekara da tsafta. Kabarin da ciyawa ta rufe, kowa ya san ma'anarsa: mai shi bai bar kowa a duniya ba. Khiem ba rago ba ne, kaburburan iyayensa da ke maƙabartar dangi shi ke fara share su. Amma na Thom, almakashi yake ɗauka ya rarrafa cikin sarƙaƙiya ya datse ɗan abin da ya rufe dutsen sunanta, faɗin tafin hannu biyu, ya kunna turare ya fito da ƙaya a riga. Kowace shekara sai mun yi faɗa.

"Feshi ta ce, ba fartanya ba. Ina wurin."

"Can ne gidansu, Lanh. In na nome, ina za su?"

"Ita fa? Ita ba mutum ba ce? Kowa ya sa sabuwar riga, ƙawata tana kwance cikin juji."

"Ta ce tana son jin kwaɗi."

"Ni ta gaya wa, ba kai ba, kuma wasa take yi."

Sai ya juya ya koma aikinsa, ni kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

A shekara ta goma sha ɗaya wasu mutane daga ƙauyen gaba suka biyo ta hanyarmu, sun dawo daga sharar nasu kaburburan. Ɗayansu ya hango kan dutsen ta cikin ganye. Kamar yadda aka saba yi wa kabarin da ba shi da kowa, suka tsaya don tausayi, suka soka turaren tsinke uku, wani ya fara sara da fartanya yana cewa, "Baiwar Allah, ko 'yar wace ce." Khiem ya fito ya ba su haƙuri ya sallame su. Ni ina tsaye a gonata ina kallo. Thom, da mijinta a raye, da ɗanta, da jikoki biyu, baƙi ne ke yi mata sadakar turare. Ranar na yi kuka har Doan ya tsorata, kuma na ƙudura a raina ba za a sake ba.

Shekara ta zagayo, sai ga dama ta zo ta hanyar da ban roƙa ba. Farkon watan sha biyu wani mai babur ya banke Khiem a hanyar kasuwa, ƙashin ƙugu ya karye, aka kwantar da shi a asibiti a garin Phan Rang. Da na je dubiya ya riƙe min hannun riga.

"Ki sa Doan ya riƙa sako min ruwa duk bayan kwana huɗu. Tudun kuma ki bar shi, in na dawo zan datse."

Na ce to. Ina fita ƙofar asibitin na kira Vien a waya.

"Gwaggo Lanh, lafiya? Jikin Baba ne?"

"Jikinsa da sauƙi. Uwarka ce. Kai ba ka da kunya? Bara baƙi ne suka kunna mata turare a matsayin marar kowa. Ubanka ba zai taka ƙasa ba sai daf da Tet. In kana da jini a jika, ka zo ka share wa uwarka gida."

Sai na ji yana jan hanci. Ya ce surukansa sun sha tambayarsa, kuma shekara uku ke nan yana ajiye ɗan abin da ya samu don wannan. Ni fartanya nake nufi, da bokitin farar ƙasa. Na sha faɗa wa kaina haka. Amma ban ce masa fartanya kawai ba, kuma da na ji zancen ajiyar ban tambaye shi ta mece ce ba.

Ya zo da magina biyar da mota cike da siminti da tayil. Ya nemi mai duba ya zaɓa masa rana, komai bisa ƙa'ida. Ranar farko suka sare darbejiyar da magaryar, suka ce saiwar tsamiya za ta fasa gini, ita ma suka kayar da ita. Da na ga tsamiyar ta faɗi na ce, "Vien, ai ba haka na ce ba." Ya ce, "Gwaggo, in za a yi a yi mai kyau, Inna ta jira da yawa." Idonsa cike da hawaye yake maganar. Na koma na ɗora musu shinkafa. Daga madafa ina hango hayaƙi. Sun tara dammunan gorar da sarƙaƙiyar sun cinna wuta, ƙadangaru suna ta tsallaka magudana zuwa gonarmu, inda Doan ya yi feshi shekaranjiya. Kududdufin suka cike da ɓaraguzai, amma sai da suka kwashe kwaɗin a buhu, suka kawo min wai in soya musu da barkono. Na ce su soya da kansu. Rana ta biyu wani daga cikinsu ya goya tanki ya bi tudun da kewayensa da maganin ciyawa, wai don kada ta sake fitowa ta gefen siminti. Ina tsaye da ludayi a hannu aka fesa a kan Thom, ban buɗe baki ba.

Kabari ya yi kyau, wannan ba musu. Tayil shuɗi, ɗan rufi mai lanƙwasa, hotonta a jikin dutse, siminti shimfiɗe taku goma ta kowane gefe. Babu irinsa a ƙauyen.

Saura kwana biyu Tet aka dawo da Khiem. Vien bai gaya masa ba, wai yana so ya ba shi mamaki. Rabin unguwa ta biyo su don a ga farin cikinsa. Ya sauka daga mota da sanda, ya ɗaga kai wajen da tsamiya take, ya ga sarari. Ya daɗe a tsaye. Tsofaffi suna ta sa wa Vien albarka, suna cewa haihuwa ta yi rana. Wane uba ne zai tsawata wa ɗan da ya gina wa uwarsa kabari, a gaban mutane, ana jibi sabuwar shekara? Kuma kabarin da aka gama aka yi wa addu'a ba a sake taɓa shi, kowa ya san abin da hakan ke jawo wa zuriya. Ya ɗingisa ya hau, ya karɓi turare daga hannun ɗansa, ya sunkuya sau uku.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana," ya ce. "Uwarka ta gode."

Da mutane suka fara watsewa ya juyo wajena. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa. Murya ƙasa-ƙasa ya tambaye ni.

"Lanh, kwaɗin fa?"

Na ce magina sun cinye. Ya gyaɗa kai ya shiga gida.

Vien ya koma Saigon da zuciya fara. Rani ya kama, sabon toho ya fito, ƙwari suka zo kamar yadda suke zuwa kowace shekara, sai dai bana ba wanda ya sauko daga tudu ya tare su. Khiem ya jiƙa ganyen darbejiya da ya roƙo a gidan wani, ya daka tafarnuwa da barkono, yana bin layuka da sanda a hannu ɗaya, tsintsiya a ɗayan, yana yayyafawa. Ya sake yanka gora ya rataye, ba abin da ya shiga. Toho ya dunƙule ya yi baƙi. Farin ƙwaron nan ya rufe kututture har ƙasa, kuma ya fi yawa a layuka huɗun Thom, da yake su ne tsofaffi kuma su ne a gindin tudun. Doan ya leƙa ya ce min in aka ƙara sati biyu ba amfanin bana kaɗai ba, kurangun kansu za su tafi. Ni na daina tsokanarsa. In na hango shi sai in koma ɗaya gefen gonar.

Wata safiya ina wanke kwanduna a bakin magudana na ji ƙarar sandarsa. Ya tsaya a ɗaya gefen, tsohon tankin nan a hannunsa, wanda magina suka sauke daga tsamiya. Rana ta cinye launinsa, ya sa masa sabuwar igiya.

"Ƙanwa," ya ce, "cokali nawa ake zubawa yanzu? Na manta."

Mutumin da duk unguwa ta koya a wajensa. Na ce ya bari Doan ya yi masa, ƙugunsa bai warke ba. Ya ce a'a, in dai za a yi shi zai yi. Na ce to ya bar tsofaffin kurangun su mutu mana, a dasa sababbi. Ya ce, "Ita ta dasa su. Su kaɗai suka rage da ta taɓa." Na ɗauko maganin Doan na tsallaka, na auna, na zuba a duro, na nemi sanda na juya. A daidai wurin da Thom take tsayawa na tsaya, don nan ne ƙasar ta fi daidaita.

Kafin ya goya tankin ya ce in jira. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar tabarmarsu da tamfol. Muka hau tudun, muka lulluɓe kabarin tun daga ɗan rufin har ƙasa, iska tana fizga, ni ina danne gefe da duwatsu. Na san ya san an riga an fesa mata, ƙasar gefen simintin jawur take ba ko tsinke. Duk da haka sai da ya zagaya sau biyu yana duba ko akwai inda ya buɗe. Sannan ya shiga ƙarƙashin rumfa ya ɗaga bututun sama.

Sau bakwai ya yi feshi kafin girbi, sau bakwai muka lulluɓe ta. Kurangun sun rayu. Inabin ya yi kyau yadda bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha biyu, har wani ɗan sari ya ce masa, "Baba, ashe ka dawo hanya." Ya sayar da duka, ban da na layukan Thom.

Waɗannan ya kai bakin rijiya ya wanke su ruwa uku, don ba zai zuba mata magani a ƙoƙo ba. Farar hodar ta bi ruwa. Na kawo masa ƙullin yis daga kanti, ya ce in mayar, ba ta san wannan ba. Ya murƙushe, ya zuba a tulu ɗaya, ya ɗaure baki da ƙyalle ya ajiye a inuwa. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ranar tunawa da ita.

A kwana na biyar ya kira ni ta kan magudana. Na same shi zaune a kan kujera kusa da tulun, don ƙugun ba ya barin sa durƙuso.

"Kunnena ya yi nauyi tun asibiti," ya ce. "Saurara min."

Na durƙusa na manna kunnena a jikin tulun. Sanyi ne da shi. Na riƙe numfashi, na jira, na sauya kunne. Ina jin iska a rumfa, ina jin injin feshin wani can nesa. Na so in yi masa ƙarya, ni da ƙarya ba ta taɓa yi min wuya ba, amma yana kallon fuskata.

"Babu, Yaya Khiem."

"Haka na ji ni ma," ya ce.

Ya miƙa hannu ya kwance ƙyallen. Wata furfurar fumfuna ta rufe saman, wari ya taso. Ya ce in taimaka masa mu kai bakin magudana mu zubar, shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba. Na kama kunnen tulun ɗaya ya kama ɗaya, muka tafi a hankali saboda ƙafarsa.